Nazarin Lamari: Yaron da Ya Haddace Karin Magana Amma Gatse Ya Kayar da Shi

Lamarin na wani yaro ne ɗan shekara 12, ɗan aji ɗaya a ƙaramar sakandare, wanda likita ya tabbatar yana da otizim, wato lalurar da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da sadarwa da mutane, tun yana shekara 7. An haɗa siffofinsa ne daga abin da ke yawan maimaituwa a wajen yara irinsa, don haka babu suna, babu makaranta. Bakinsa garau, karatunsa ya ɗara na yawancin 'yan ajinsu, lissafi kuwa ba a magana. Takardar da makaranta ta aiko shi da ita wurin ƙwararriya kan matsalolin magana ba ta ambaci karatu ba sam. Abin da aka rubuta shi ne rashin kunya da raina na gaba.

Abin da ya faru

Malamar aji tana rubutu a allo, shi kuma yana yi wa na kusa da shi bayanin yadda jirgin ƙasa mai aiki da lantarki yake samun wuta, da muryar da duk aji ke ji. Malama ta juyo, ta ɗaure fuska, ta ce, "To, sannu da ƙoƙari. Ci gaba da surutunka, kar ka fasa."

Ya ce, "To, Malama." Ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Aji ya kaure da dariya. Malama ta ɗauka da gangan ya yi don ya ci fuskarta a gaban ɗalibai, kuma ba za a ga laifinta ba, domin duk wani yaro da ya yi haka abin da yake nufi ke nan. A ofishin shugaban makaranta aka tambaye shi dalili, ya ce, "Ai ita ce ta ce in ci gaba." A kunnen manya wannan amsa ƙarin tsiwa ce. Aka yi masa faɗa, ya toshe kunnuwansa yana kuka, sannan ya yi mako guda ya ƙi taka makaranta.

Malamai suna da hujja mai ƙarfi. A jarrabawar da ta wuce shi ne ya fi kowa maki a sashen karin magana. An ba shi "ba a fafe gora ranar tafiya", ya rubuta ma'anarta tsaf. To, wanda ya san wannan, ta yaya zai ce bai gane an yi masa gatse ba? A kan wannan tambayar aka gina duk binciken.

Iyayensa sun kawo nasu labarai. Yana shekara 8 mahaifiyarsa ta ce masa, "Je ka ja wa ƙanenka kunne, kar ya sake taɓa mini waya." Ya je ya kama kunnen yaro ya ja har ya yi ƙara. Da aka hau shi da faɗa ya ce, "Umma, ke kika ce." Yana ƙarami kuma, duk lokacin da mahaifinsa ya ce "ina zuwa" yana fita, sai ya tare ƙofa hankali a tashe: "Abba, ai tafiya kake yi." Waɗannan biyun ya wuce su tuntuni. Na uku ne ya fi damun uwar, domin kwanan nan ya faru. Ta ce masa, "Ka sa ido a kan ƙanwarka." Yarinyar, 'yar shekara 2, ta ja kujera, ta hau, ta miƙe a kai, ta faɗo. Ko ƙiftawa bai yi ba, yana kallonta, har ya kwashe yadda abin ya faru daki-daki ya faɗa. Ya san "sa ido" na nufin lura. Abin da bai zo masa ba shi ne dalilin lurar.

Abin da masana suka riga suka gano

Tun a 1943, lokacin da Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya fara bayanin otizim a kan yara 11, ya lura suna riƙe magana a kan lafazinta. A 1993 Francesca Happé a Ingila ta gwada kamantawa, wato irin "yana da ƙarfi kamar zaki", da siffantawa, irin "shi zaki ne", da kuma gatse. Ta ga kamantawa ta fi sauƙi, siffantawa tana buƙatar mutum ya iya hasashen abin da ke ran mai magana, gatse kuma yana buƙatar mataki na biyu: na san mai maganar ta san na san ba haka take so ba. Daga baya Courtenay Norbury ta nuna a 2005 cewa zurfin sanin kalmomi yana da babban kaso a gane siffantawa, kuma a 2018 Tamar Kalandadze tare da Norbury da abokan aikinsu suka tattara bincike da dama, suka ga ratar da ke tsakanin masu otizim da sauran mutane tana raguwa sosai idan aka kwatanta waɗanda ƙarfin harshensu ya zo ɗaya.

A aikace, wannan yana nufin sunan lalurar kaɗai ba ya gaya wa kowa abin da wannan yaron zai gane ko ba zai gane ba. Sai an gwada shi, kuma kowane nau'in magana da nasa gwajin.

Yadda aka tantance

An fara da gwajin ji. Yaron da kunnensa ya yi rauni yana iya rasa sauyin murya, kuma a nan gatse yake ɓuya. Jinsa lafiya. Sai aka auna ginshiƙin harshe: yawan kalmomi, fahimtar doguwar jimla, bin umarni mai gaɓa biyu da uku. Nan ma yana daidai da sa'o'insa, a kalmomi ma ya wuce su. Wannan matakin ba abin tsallakewa ba ne, domin matsalar da ake gani a fili takan fito daga tushe daban-daban. Mai lalurar ginuwar harshe, wadda ke shafar kusan yara 7 cikin 100, kalmomin ne ke ba shi wuya. Mai ADHD, wato lalurar ƙarancin mayar da hankali da yawan kazar-kazar, sau da yawa ya san gatse sarai, rabin maganar ne bai ji ba, ko ya amsa kafin a ƙarasa. Kundin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, wanda ya fito a 2013, ya kuma ware wata lalurar sadarwa ta mu'amala, wadda rashin gane zaurance da raha ke cikin alamominta ba tare da otizim ba. Kowane ɗaya da irin taimakon da ya dace da shi.

Daga nan aka ba iyaye da malamai biyu littafin lura na mako biyu. Duk inda aka samu saɓanin fahimta, a rubuta abu huɗu: ainihin kalmomin da aka faɗa ba tare da gyara ba, wanda ya faɗa, abin da yaron yake yi a lokacin, da abin da ya yi bayan ya ji. Na farkon ne ya fi wuya. Manya sukan rubuta abin da suka nufa, "na ce ya yi shiru", alhali abin da ya fito daga bakinsu shi ne "ashe kasuwa muka zo".

Sannan aka zaɓi salon magana 20, aka kasa su gida huɗu bisa sharaɗi biyu: ko ya saba jin su, da kuma ko ana iya hango ma'anar daga kalmomin. "Buɗe ido" da "riƙe baki" ana iya lalubo su. "Kai ruwa rana", "ɗaga ƙafa" da "farin jini" kuwa, in ba a gaya maka ba, babu ta inda za ka ɓullo musu. An gabatar da kowanne sau uku a ranaku daban: shi kaɗai, sannan a ƙarshen gajeren labari mai jimla uku ko huɗu, sannan a tsakiyar hira ba tare da sanarwa ba. Ba a tsaya a kan "faɗi ma'anarsa" ba, domin bayani fasaha ce ta daban, kuma yaro yana iya ganewa ya kasa fassarawa. An ba shi hotuna uku ya zaɓa: na lafazi, na manufa, da na uku mai alaƙa da labarin amma ba daidai ba.

Gwajin gatse kuwa da jimla ɗaya aka yi shi: "Ka kyauta." An naɗi muryar mutum ɗaya yana faɗarta sau biyu, sau ɗaya ga yaron da ya share ɗaki, sau ɗaya ga wanda ya fasa gilashin taga. Aka kunna masa murya kaɗai, sannan murya da fuska, sannan aka ba shi labarin a rubuce ya karanta da kansa.

Abin da aka samu

Abin da makaranta ta kira matsala ɗaya ya rabu gida huɗu, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Salon maganar da ya saba ji ba ya ba shi wuya ko kaɗan. Ya adana "ina zuwa" da "ja kunne" yadda ake adana kowace kalma. Sababbi marasa haske ne yake ɗauka a kan lafazi, kuma duk yaro haka yake yi da farko. Bambancinsa shi ne sauran yara suna tsintar waɗannan a hirar da ba da su ake ba, shi kuwa abin da ba a fuskance shi da shi ba, ba kasafai yake shiga ba.

Karin magana ya haddace ta da ma'anarta, amma bai iya ɗora ta a kan abin da ke gabansa ba. A littafin lura akwai safiyar da yake neman littafin aikin gida ana shirin fita, mahaifinsa ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Yaron ya tsaya, ya ce, "Ma'anarta a yi shiri tun da wuri," ya ci gaba da nema, bai ji cewa da shi ake ba. Kamar mai riƙe da tarin makullai ne, ya san sunan kowanne, amma ba a taɓa nuna masa ƙofofin ba. Jarrabawa tana tambayar ma'ana, hira kuwa tana buƙatar a gane wane ne gora, wace ce tafiya, a cikin daƙiƙa biyu. Wannan ya amsa tambayar malamai.

Gatse ne ya fi tsanani, kuma a nan ya kamata a daɗe. Salon magana yana da siffa tsayayya da za a iya haddacewa. Gatse ba shi da ita. "Ci gaba", "madalla", "sannu da aiki", "ka kyauta" duk kalmomin yau da kullum ne, kuma mafi yawan lokuta ana nufin su yadda suke. Abin da ke juya su baya yana wajen kalmomin: jan murya, ɗaurewar fuska, da kuma karo tsakanin maganar da halin da ake ciki. A gwajin murya kaɗai, yaron yana cankar amsa ne kawai. Da aka ƙara fuska ya ɗan gyaru. Da aka ba shi labarin a rubuce, babu gaggawa, sai ya kama kusan duka, har ya yi bayani: "Ba zai yaba masa ba tunda ya fasa taga, ke nan akasin haka yake nufi." Ke nan tunanin yana nan. Hanyar da yake bi ce doguwa: abin da wasu ke cafkewa nan take, shi sai ya lissafa shi mataki-mataki, kuma lissafin yana cin daƙiƙoƙi. A ranar da abin ya faru, hankalinsa yana kan jirgin ƙasa, idonsa ba ya kan malama, aji yana da hayaniya, ba a kira sunansa ba. Abin da ya iso gare shi kalmomi ne tsirara, daga bakin wadda aka koya masa ya yi wa biyayya. Ya yi biyayyar.

Na huɗu shi ne umarnin da ba a ƙarasa faɗa ba, irin na ƙanwarsa. Nan babu wani adon harshe. Akwai dai gibin da mai magana ya bari don ya ɗauka kowa zai cike.

Abin da aka yi

Da manya aka fara, domin nasu gyaran ya fi saurin haifar da sakamako. Damian Milton, masani wanda shi ma yake da otizim, ya yi bayani a 2012 cewa rashin fahimtar ta ɓangare biyu ce: yadda mai otizim ke kasa karanta sauran mutane, haka su ma suke kasa karanta shi. Binciken Catherine Crompton da abokan aikinta a Edinbara a 2020 ya ƙarfafa wannan, inda aka riƙa miƙa labari daga bakin wannan zuwa na wancan, ya ratsa jerin masu otizim zalla ba tare da ya zube fiye da yadda yake zubewa a jerin marasa ita ba, amma ya fi lalacewa a jerin da aka gauraya. A wannan lamarin ma, yaron bai gane malama ba, malama ba ta gane yaron ba, amma shi kaɗai aka hukunta.

An roƙi malamai su kira sunansa tukuna, su ɗan dakata, sannan su faɗi abin da suke so a yi a jimla ɗaya: "Yi shiru yanzu, ka kwafi abin da ke allo." Su jira daƙiƙa 6 zuwa 10 kafin su maimaita, in za su maimaita kuma da kalmomin farko, domin sauya kalmomi yana mayar da lissafinsa baya. Gatse a wajen umarni ko tsawatarwa an cire shi ɗungurungum. In ya suɓuce, kuma zai suɓuce, sai a bi shi nan take da magana a fili. Ba a ce a daina yi masa adon magana ba, wannan zai tauye shi ne, tunda duniya ba za ta daina ba. An dai ce a riƙa haɗawa da fassara: "Zan ɗaga maka ƙafa, wato ka kawo aikin gobe maimakon yau." A gida kuma aka koma faɗin manufa: "Zauna kusa da ita. In ta hau kujera ka sauke ta. In ta ƙi, ka kira ni."

Shi kuma yaron, zaman minti 15 sau uku a mako, salon magana uku kacal kowane mako, kuma daga littafin lura ake ɗauko su, wato waɗanda yake ji da gaske. Kowanne da katinsa mai gida huɗu: maganar, zanen abin da kalmomin suka ce, abin da ake nufi, da kuma wa ke faɗa wa wa. A karin magana an daina tambayarsa ma'ana. Ana ba shi labarai uku ya zaɓi wanda ta dace da shi, daga baya shi ya kawo misali daga abin da ya same shi a makon. Don gatse an yi amfani da zanen hira irin wanda Carol Gray ta fito da shi a 1994: mutane biyu, kumfa ɗaya na abin da aka faɗa, wani na abin da ke zuci, ya cike na biyun.

Inda aka yi tuntuɓe

A makonnin farko katin gida uku ne kawai, babu na huɗu. Ya koyi "riƙe bakinka", ya ji daɗinta, ya faɗa wa wani malami da ke magana lokacin da ake sanarwa. Ma'ana daidai, wuri daidai, mutum ba daidai ba. Shi ya sa aka ƙara gidan "wa ke faɗa wa wa", da alama mai launi: tsakanin sa'o'i, daga babba zuwa ƙarami, ko kuma wadda ake ji kawai ba a faɗa.

Tuntuɓe na biyu ya fi ciwo. Da ya gane cewa mutane suna iya faɗin akasin abin da suke nufi, sai ya daina yarda da kowane yabo. Malama ta duba aikinsa ta ce "ka kyauta" da zuciya ɗaya, ya ɗago a firgice: "Malama, me na yi?" Laifin tsarin koyarwar ne, domin an cika masa misalan gatse ba a gauraya da na gaskiya ba. Aka gyara: a kowane misalin gatse ɗaya, a sa na gaskiya uku, kusa da yadda abin yake a rayuwa. Aka kuma jera masa tambayoyi bisa ƙarfinsu. Ta farko: maganar ta dace da abin da ya faru? Ta biyu: ta dace da abin da wannan mutumin ya saba so? Murya da fuska suka koma na ƙarshe, saboda sun bambanta daga mutum zuwa mutum kuma su ne ɓangaren da ya fi rauni a wajensa. In ta farko da ta biyu sun ce e, ya karɓi maganar yadda take.

Wani malami kuma, da kyakkyawar niyya, ya dage sai yaron ya kalle shi ido cikin ido don ya "karanta fuska". Fahimtarsa ta ƙara raguwa, domin ƙoƙarin jure kallon ya cinye hankalin da zai saurara da shi. Aka bar wannan. Ya isa ya juyo da jikinsa wajen mai magana.

Abin da ya fi komai amfani tambaya ce guda da aka koya masa: "Malama, in ci gaba kike nufi, ko in yi shiru?" Sai dai wannan tambayar, daga bakin ɗalibi, tana iya zama sabon laifi. Don haka kafin ya fara amfani da ita an zauna da duk malaman da ke shiga ajin, aka amince cewa za a amsa ta kai tsaye, ba tsawa, ba dariya. Inda ya ji nauyin tambaya a gaban aji, yana da ɗan kati mai alamar tambaya da yake ɗorawa a gefen tebur.

Inda aka tsaya

Bayan zango ɗaya bai sake zuwa ofishin shugaba kan rashin kunya ba, yana zuwa makaranta kullum, kuma yana amfani da tambayarsa, musamman da malaman da ya saba da su. Gatsen mutumin da ya sani yana kama shi sau da yawa, ko da yake bayan ɗan jinkiri. Na baƙo har yanzu yana wuce shi, haka ma idan ya gaji ko wuri ya cika da hayaniya.

Habaici da zolayar sa'o'i ba a taɓa su ba tukuna, kuma su ne abin damuwa na gaba, domin littafin lura ya nuna wasu 'yan aji sun gano cewa in aka ce masa "Malam na kiranka" zai tashi ya tafi, ko ba gaskiya ba ne. An sanar da malamar aji, kuma an tsara zama shida a ƙaramin rukuni na yara huɗu a zango mai zuwa. Tunda malamai za su sauya a sabuwar shekara, an rubuta takarda mai shafi ɗaya da za a miƙa wa kowane sabon malami kafin ya shiga ajin, ɗauke da yadda ake ba shi umarni, tambayar da aka yarda ya yi, da ma'anar katin da ke gefen teburinsa. Za a sake buɗe littafin lura na mako biyu bayan makonni shida da komawa.